Yadda ake zama ƙwararren likitan jera haƙora ba tare da ɓata shekaru ba

Kusan duk wata sai wani matashi ya same ni a asibiti nan Kaduna yana tambayar yadda zai zama likitan da ke sa wa mutane waya a haƙora. Wasu sun ɗauka kwas ne na sati biyu a otal. Takardar irin wannan kwas ba ta mai da kowa ƙwararre, kuɗinka kawai za a ci.

Ba zan tsaya kan JAMB ba, kowa ya san Fiziks, Kemistiri, Bayoloji da Ingilishi ne. Abin da ake nema da farko shi ne digirin likitan haƙori, wato BDS, na shekara 6. Kafin ka cike fom, duba jerin makarantun da hukumar likitoci ta ƙasa, wato MDCN, ta amince da su, da adadin ɗaliban da ta yarje wa kowace ta ɗauka. Amincewar hukumar jami'o'i ta ƙasa, wato NUC, daban, ta MDCN daban, kuma ta biyun ce ke ba ka lasisi. A nan Arewa akwai Jami'ar Bayero a Kano da Jami'ar Maiduguri, a Kudu kuwa Legas da Ibadan da Ife da Benin sun daɗe suna yaye likitocin haƙori. Kada a ruɗe ka da karatun masu haɗa haƙoran roba ko masu wanke haƙora. Sana'a ce mai kyau, amma hukumominsu daban, kuma hanyarsu ba ta ɓullewa inda kake so.

Ka gama, sai rajistar wucin gadi, aikin horo na shekara 1 a asibitin da aka amince da shi, cikakkiyar rajista, sannan bautar ƙasa. A wannan tsakanin ka zauna jarrabawar matakin farko, wadda ake kira firamare, ta ɗaya daga cikin kwalejojin ƙwarewa biyu: ta ƙasa, NPMCN, da ke Ijanikin a Legas, ko ta Afirka ta Yamma, WACS. Ni dai dokata, a rubuta tun ana bautar ƙasa, kafin karatun sassan jiki ya tsiyaye daga ka. In aljihu zai ɗauka, yi duka biyun.

Ka ci, sai neman gurbin horon ƙwarewa a asibitin da kwalejin ta amince da shi. To, ga ramin da ni kaina na faɗa. Kwalejojin nan ba asibiti sukutum suke amincewa da shi ba, sashe-sashe suke bi, kuma amincewar tana da wa'adi. Asibiti zai iya yin suna a tiyatar muƙamuƙi da fuska, alhali ba shi da izinin horar da masu jera haƙora. Na samu gurbi a wani asibitin koyarwa, murna ta hana ni tambaya. Sai da na kwana biyu na gane ƙwararre ɗaya tilo da ke sashen ya bar aiki. Wayoyi da ƴan ƙarafan da ake liƙawa a haƙori suna nan a kabad cikin ledarsu, ba mai nuna mana yadda ake lanƙwasa su. Littafin da ake rubuta marasa lafiyar da ka yi wa aiki kuwa, shafi bayan shafi babu sa hannu. Ranar da na je wurin shugaban sashe na ce, "Ranka ya daɗe, yaushe za a turo mana wani?" sai ya ce in ƙara haƙuri. Watannin nan ba a lissafa min su ba.

Saboda haka kafin ka karɓi takardar ɗaukar aiki, nemi jerin cibiyoyi daga kwalejin da kanta. Tambayi ko amincewar cikakkiya ce ko ta wani ɓangare, da shekarar da za ta ƙare. Sannan ka keɓe wani likita da ya yi nisa a karɓar horo a wurin, ka tambaye shi ƙwararru nawa ne ke zuwa asibitin a zahiri. Wannan fanni ya fi sauran buƙatar zama wuri ɗaya, domin jera haƙoran yaro ɗaya kan kai shekara 2, kuma ana so ka fara ka ƙarasa da hannunka. Af, ka koyi tambayar mara lafiya abin da yake so, don ba kowace mai wushirya ce ke son a rufe mata ba.

Sauran kuma a jere suke: zagayen sassa, jarrabawar Kashi na 1, babban horo, rubuta kundin bincike, Kashi na 2. Ka ci, ka samu shaidar ƙwarewa, FMCDS daga NPMCN ko FWACS daga WACS, sai ka koma MDCN a ƙara maka ita a rajista. Kuɗin jarrabawa da na zirga-zirga ka fara tara su tun daga albashin farko.