Yadda za ka nuna wa ɗalibai abin da ke sa dusar ƙanƙara saukowa a hankali

Malam, in a Gombe kake koyar da kimiyya kamar ni, ka san yaranmu sun san ƙanƙara, wadda kan zo da ruwan sama tana dukan kwanon rufi. Dusar ƙanƙara kuwa sai a waya suke ganinta tana saukowa sannu-sannu. Ba sai da ɗakin gwaji za su gane dalili ba.

Kashe fanka, rufe taga, balle da hunturu. Yago falle biyu daga littafi ɗaya, ka dunƙule ɗaya, ka bar ɗayan a shimfiɗe. Yaro ya hau benci ya sake su lokaci guda. Dunƙulallen zai riga isa ƙasa. Za su ce ai ya fi nauyi, sai ka tuna musu daga inda aka yago su.

Mataki na gaba shi na fi so. Ɗora shimfiɗaɗɗen fallen a kan littafin da ya fi shi faɗi, ka saki. Tare za su faɗi, tim, domin littafin ya tare masa iska. Nan ne wurin bayani, kada ka yi sauri. Ƙasa tana jan abu, iska tana tokare shi, kuma tokarar tana ƙaruwa da gudunsa. Da zarar biyun sun yi daidai, gudun ba ya ƙaruwa kuma. A duniyar wata, inda babu iska, ɗan sama jannati David Scott ya saki guduma da gashin tsuntsu a 1971, suka dira tare.

Sai ka yayyaga auduga ta yi sako-sako, ka sake ta, sannan ka jiƙa ta ka mulmula, ka kuma sakewa. Ta farkon ita ce misalin dusar ƙanƙara. Tururin ruwa ne ke daskarewa kai tsaye a kan ƙwayar ƙura cikin gajimare, ya fitar da rassa shida, ga faɗi, nauyi kaɗan. Shi ya sa take yin kusan mita 1 a daƙiƙa, alhali babban ɗigon ruwan sama yana kai mita 9.

Lalle wani zai tambaya me ya sa ba ta sauka a nan. Gaya masa a saman Gombe ma tana samuwa, can wajen kilomita 5 zuwa sama inda sanyi ya sauka ƙasa da sifili, sai ta narke a hanya ta iso mana a ruwa. Ƙanƙara ce ke tsira, saboda dunƙulalliya ce kuma da gudu take ratsa iska mai zafi.