Yadda Ake Auna Ƙaramin Gari Tsakanin Jidda da Makka Kafin a Kai Iyali

Tun da aka fara rushe tsofaffin unguwannin Jidda a ƙarshen 2021, irin su Sabil da Kandara da Karantina inda Hausawa suka daɗe da zama, gidan haya mai sauƙin kuɗi ya yi wuya a cikin birni. Shi ya sa hankalin magidanta da yawa ya koma kan ƙananan garuruwan da ke gefe: Bahra da Hadda a kan tsohuwar hanyar Jidda zuwa Makka, da Jumum da ke arewa maso yammacin Makka. Wanda ya samu aiki daga Kano ko Damagaram yana shirin zuwa, abin da zai fara ji daga 'yan'uwa shi ne a can haya ta fi arha, kuma mota za ta kai shi wurin aiki kullum. Gaskiya ne ta fi arha. Sai dai kuɗin da ka rage a haya, sau da yawa hanya ce ke karɓe shi, ko ruwan tanka, ko wata takarda da ba ka yi tunaninta ba. Ga yadda ake bin abin daki-daki.

Mataki na farko: fara da igamarka, kafin ka kalli gida ko ɗaya

Wannan shi ne abin da sabon zuwa ya fi mantawa. Kowace shekara, daga wajen ƙarshen Shawwal har a gama aikin Hajji, ana tsaurara shiga Makka. Baƙon da ke zaune a Saudiyya ba ya wuce shingen bincike sai da ɗayan abubuwa uku: igama, wato takardar izinin zama, wadda aka fitar a Makka, ko tasarihin (takardar izinin) aiki a cikin Makka, ko tasarihin Hajji. Bahra da Hadda suna bayan shingen Shumaisi ne ta ɓangaren Jidda, hanyar Jumum ma tana da nata shingen. Ke nan idan aikinka a Makka yake, igamarka kuma ta Jidda ce, to makonni shida ko fiye a shekara zuwanka aiki ya rataya ne a kan tasarihi. Ana fitar da shi ta shafukan gwamnati na intanet, Absher ko Muqeem, kuma ga ma'aikacin kamfani, kamfanin ne ke nema. Ka tambayi kafilinka, wato wanda ya ɗauke ka aiki, tun yanzu, ƙarara: wa zai fitar, kuma yaushe? Amsar "in lokacin ya zo za a gani" ba amsa ba ce.

Sai maganar iyali. Kawo mata da yara su zauna ya danganta da sana'ar da aka rubuta a igama da kuma albashi, don haka ka tabbatar ka cancanta kafin ka kama gida mai ɗaki uku. Akwai kuma kuɗin da ake biya kan kowane mutum da ke ƙarƙashinka: an fara da riyal 100 a wata a 2017, ya kai 400 tun 2020. Mata ɗaya da yara uku, riyal 1,600 ke nan a wata, 19,200 a shekara. Wannan ba ya raguwa don ka zauna a ƙauye. Ka fara cire shi daga albashi, abin da ya rage shi ne za ka auna gari da shi.

Mataki na biyu: bi hanyar da kanka, a ranar aiki

Kada ka je duba gari ranar Juma'a da safe. A lokacin ko'ina fayau yake, sai ka ɗauka minti ashirin ne. Makon aiki a nan Lahadi ne zuwa Alhamis, saboda haka ka kwana a garin daren Asabar, ko a ɗakin haya na kwana-kwana ko wurin wani ɗan'uwa, ka fito daidai lokacin da za ka riƙa fita in ka tare. Ka duba agogo daga ƙofar gida zuwa ƙofar wurin aiki, har da neman wurin ajiye mota. Ka maimaita da yamma. Ka yi haka sau uku aƙalla, ɗaya daga ciki ya zama yammacin Alhamis, lokacin da masu zuwa Umara daga Jidda ke cika hanya.

Tsakanin Jidda da Makka bai kai kilomita 80 ba, Bahra kuma tana kusan tsakiya. Hanyoyi biyu ne a gabanka: babbar hanya mai saurin gudu, da tsohuwar hanya wadda ta ratsa cikin Bahra da Hadda, inda manyan motocin kaya suka fi yawa. Abin lura shi ne nisan gidan da mahaɗar babbar hanya. Gida biyu a gari ɗaya na iya bambanta da kwata guda na awa saboda wannan kawai. Kuma cunkoson ba a tsakiyar hanya yake ba, a bakin shiga birni yake, don haka wanda ke aiki a gabashin Jidda ko kudancinta lissafinsa daban da na wanda zai ratsa gari zuwa arewa wajen filin jirgi.

Ga wani ƙaramin abu da ba a faɗa wa mutum sai ya gani. Makka tana gabas da Bahra da Hadda, Jidda tana yamma. Mai aiki a Makka yana fuskantar rana ido-da-ido da sassafe, ya sake fuskantarta da la'asar sakaliya yana komawa. Mai aiki a Jidda kuwa rana tana bayansa zuwa da dawowa. A hanyar da ake gudu, ga kyamarorin Saher masu kama mai wuce ƙa'idar gudu, ga gajiya, wannan ba ƙaramin bambanci ba ne.

Jirgin ƙasa na Haramain da aka buɗe a 2018 kada ya shiga lissafinka. Tashoshinsa Makka ne, da Jidda, da filin jirgin Sarki Abdul'aziz, da birnin tattalin arziki na Sarki Abdullahi kusa da Rabig, da Madina. Ba ya tsayawa a Bahra ko Jumum. Zama a waɗannan wurare zaman mai mota ne. Wanda ba shi da mota ya tsaya a ƙofar gidan da ƙarfe shida na safe ya gwada kiran Uber ko Careem, ya ga minti nawa za a yi kafin a zo da kuma nawa za a caje shi. Dogaro da masu kabu-kabu marasa izini, waɗanda ake kira kaddad, ba tsari ba ne, domin hukuma na kama su.

Mataki na uku: zauna da biro da takarda

A ce tafiyarka kilomita 40 ce zuwa, 40 dawowa, kwana 26 a wata in kana fita kwana shida a mako. Kilomita 2,080 ke nan. Mota mai shan lita 8 a kowane kilomita 100 za ta sha wajen lita 166. Fetur mai lamba 91, wanda aka tsayar da farashinsa a riyal 2.18 tun Yulin 2021, zai ci kimanin riyal 363. Idan kana juyen baƙin mai duk kilomita 5,000, to duk wata biyu da rabi kana wurin mai juye. Ƙara taya, wadda zafin kwalta ke ci da wuri, da birki, da tarar Saher ko ɗaya ce a wata. Idan maiɗakinka ma za ta riƙa fita, ko yara na karatu a Jidda, wata tafiyar ce daban.

Yanzu ka ɗauki bambancin hayar shekara tsakanin gidan ƙauyen da irinsa a birni, ka raba gida 12, ka cire wannan kuɗin mota. Abin da ya saura shi ne ribarka ta gaskiya, shi kuma za ka kwatanta da awa biyu da za ka riƙa bayarwa kullum a kan hanya. A ganinmu, in ribar ba ta taka kara ta karya ba, gara ƙaramin gida kusa da aiki. In kuwa iyalin na da yawa, kuma aikin a gefen birni yake ta ɓangaren garin, nan ne ƙaramin gari ke cin sunansa.

Mataki na huɗu: ruwa, wuta, da inda ruwan sama ke bi

Nemi mai gadin ginin, wato haris, ka gaisa da shi da kyau, domin ya fi dillali sanin gidan. Tambaye shi: ruwan famfo na gwamnati ya iso ginin, ko sai an sayo a tanka, wadda ake kira wayit? In na famfo ne, kwana nawa-nawa ake sakowa? In wayit ne, sau nawa a wata, kuma wa ke biya? Ka ce ya nuna maka rijiyar ajiyar ruwa ta ƙasa, ka leƙa ka ga ko tana da murfi da tsabta. Ka tambayi bahaya ma: an haɗa ginin da magudanar gari, ko rami ne da ake kira bayyara, wanda sai mota ta zo ta zuƙe? Ramin da ke yawan cika ba ya ɓoyuwa, za ka ga damshi da ciyawa kore a gefen katanga inda ko'ina ya bushe.

Wuta kuma, ka tabbatar gidanka na da mitarsa shi kaɗai. Dalili: kuɗin wutar gida halala 18 ne (halala 100 ke yin riyal ɗaya) kowane kilowat har zuwa 6,000 a wata, abin da ya haura ya koma halala 30, sannan a ɗora harajin kashi 15 cikin ɗari. Gidan da ya sha kilowat 3,000 a watan zafi zai biya riyal 621. Amma in gida uku ne a kan mita ɗaya, tare za ku tsallake 6,000, ku shiga farashi mai tsada, rigimar rabon kuɗi kuma ta biyo baya. Ka nemi ganin takardar wuta ta watan Yuli ko Agusta, ka kuma duba ko akwai tsohon bashi a kan mitar. Hawan ƙarshe na sama ya fi arha saboda rufin na gasa shi, na'urar sanyaya ɗaki ba ta hutawa. Waɗannan garuruwa sun yi nesa da iskar teku, zafinsu ya fi kama da na Makka.

Sai ambaliya. Ƙasar da ake shekara ba a ga ruwan kirki ba, mutum sai ya raina maganar, alhali ambaliyar Jidda ta Nuwamban 2009 ta kashe sama da mutum 100, an kuma sake ganin mai ƙarfi a 2011 da 2022. Kwarin Wadi Fatima ya biyo ta Jumum ya gangaro ta wajen Hadda da Bahra. Ruwan da ya sauka a kan duwatsu nan yake tattaruwa, cikin ɗan lokaci. Ka duba gindin katangu: layin laka mai tsayi ɗaya a gidaje da yawa, tsatsa a ƙasan ƙofofin ƙarfe, dokin ƙofa da aka ɗaga da siminti daga baya. Duk shaidu ne. Ka tambayi mai shagon unguwa, wato baƙala, ko wace hanya ce ke yankewa in an yi ruwa. Kana nan kuma ka shafa yatsa a kan taga ka ga ƙura, ka lura ko akwai masana'anta ko wurin fasa dutse a kusa, musamman in akwai mai asma a gidan.

Mataki na biyar: yara, asibiti, jama'a

Makarantun gwamnati da Larabci ake karatu, maza daban mata daban, rajista ta manhajar Noor, kuma ɗan baƙo sai da igama mai rai da gurbi. Je makarantar unguwar da kanka ka tambaya. Masu son karatun Turanci, yawancin irin waɗannan makarantu a Jidda suke, wanda ke nufin yaro ya tashi tun asuba. Asibiti kuwa, inshorar da kamfani ya yi maka tana da jerin asibitocin da take aiki da su. Ka duba mafi kusa a cikinsu, ka auna tafiyar da dare, musamman in ana jiran haihuwa. Lambar gaggawa a yankin Makka 911 ce.

Maganar da ta fi damun mu ita ce ta uwargida. Kai za ka fita tun duhu-duhu ka dawo bayan magariba, ita ce za ta wuni a garin. Matar da ta saba da gidan yawa, da maƙwabta masu shigowa ba sallamar waya, ka ajiye ta a hawa na uku inda ba wanda ke jin Hausa, ba ƙaramin abu ka ɗora mata ba. Ka yi sallar isha'i a masallacin unguwar kwana biyu, ka ga ko akwai namu, ka tambayi ko akwai gidajen da mata ke ziyartar juna. In da hali ta ga wurin da idonta, ko ta bidiyo ne, kafin ka sa hannu. Ka kuma sani Bahra da Hadda da Jumum suna wajen iyakar Harami. Mai zama a can daga gidansa yake ɗaukar haramar Umara, amma wanda burinsa zama a cikin Harami ne, to ba nan ba ne.

Mataki na ƙarshe: kada kuɗi ya fita sai ta Ejar

Yarjejeniyar hayar da ba a yi wa rajista a Ejar ba, wato shafin gwamnati na rajistar haya, ba ta da ƙarfi a gaban hukuma ko kotu. Rajistar kuma na buƙatar takardar mallakar ginin, wato sakk. Idan mai gida ya ce "mu rubuta tsakaninmu kawai, zan rage maka", mai yiwuwa ginin ba shi da takarda, kuma wanda ya ga abin da ya faru a Sabil ya san ma'anar hakan. Ladan dillali kashi biyu da rabi cikin ɗari ne na hayar shekarar farko. Hayar kanta ana biya ta hanyoyin Ejar, ba hannu da hannu ba. Nemi a raba biyan kashi biyu ko huɗu, in kuma mai gida zai yarda da wata shida a karon farko, karɓi hakan, ka sa watannin su haɗa da zafi ko Ramadan, lokacin da hanyar Makka ke nuna ainihin halinta.

Ranar karɓar makulli, ka kunna kowace na'urar sanyi ta yi minti goma, ka buɗe famfunan duka lokaci ɗaya ka ga ƙarfin ruwa, ka ɗauki hoton mita da lambar da take kai da duk wani tsagu a bango, a rubuta su a takardar karɓar gida. Daga nan ka yi rajistar adireshinka na ƙasa da sabon gidan, domin banki zai nema.