Yadda za ka sassaƙa wa yaro usur na itace ko da wuyan hannunka na ciwo

1. Nemi itace mai laushi, tsawon santimita 12. Busasshen katako mai tauri sai ya ƙara maka ciwo.

2. Wasa wuƙarka sosai. Dakusasshiyar wuƙa ce ke sa mutum dannawa da ƙarfi, a nan hannu yake wahala.

3. Ɗaure itacen a jikin tebur, kada ka riƙe shi da hannun da ke ciwo. Huda rami mai faɗin santimita 1 ta tsakiya, amma kada ya fita ta ƙarshe.

4. Santimita 2 daga baki, yi yanka a tsaye har ya taɓa ramin, sannan ka yi wani a karkace su haɗu. Riƙa ɗauke itacen siriri-siriri, wuyan hannu a miƙe, babban yatsan ɗaya hannun yana tura bayan wuƙar. Da ka ji zogi, ajiye.

5. Fere ɗan guntun itace daidai ramin, kankare samansa kaɗan don iska ta wuce, ka cusa shi har gaɓar yankan. Busa ka ji. In bai yi ƙara ba, ƙara kankarewa.

6. Manna guntun da gam sosai, don yara ba sa raina abin haɗiya. Goge ko'ina da samfefa.