Karatun Rubutun Muhalli da Tafiye-tafiye Daga Nesa: Inda Aka Fi Yin Tuntuɓe

Aikin farko da na tura wa malamata a wannan karatu shafi shida ne a kan kogin Kaduna. A ɗakina na Unguwar Rimi na rubuta shi cikin dare biyu, ƙafata ba ta taka bakin ruwa ba. Da aikin ya dawo sai na ga ta ja layi a ƙarƙashin inda na ce tsuntsaye suna kuka a kan itatuwa, ta yi mini tambaya biyu: wane tsuntsu, wace itaciya? Na yi shiru a gaban kwamfuta. A garin nan aka yanke mini cibiya, na san sunansa daga kada ya samo asali, amma ban iya kiran sunan tsuntsu uku da ke kiwo a gaɓar kogin ba. Abin ya tsaya mini a rai.

Wannan shi ne uban kurakurai ga mai digiri na biyu a wannan fanni daga nesa. Tunda lacca a intanet take, littattafai a intanet, maki ma ta can zai zo, sai mutum ya ɗauka karatun duka a allo yake. Ai malami ne kawai yake nesa. Abin da za ka rubuta a kansa yana bayan gidanku. Gyaran ba ya cin kuɗi: ƙaramin littafin aljihu, biro, da wuri guda da za ka riƙa komawa duk mako, ba fashi.

Ni wani lungu na zaɓa a bakin kogi ta wajen Kabala, kowace Asabar bayan sallar asuba. A watan Fabrairu ruwa ya ja baya, duwatsu sun fito da baƙin bayansu, masu lambu sun bi danshi da alayyafo da tumatir, masu ɗibar yashi suna nutso suna cika kwalekwale har bakinsa ya kusa shan ruwa. Akwai wani dattijo masunci da nakan tarar yana ɗinkin komarsa. Ran nan na nuna masa wani dogon tsuntsu da ya ƙame a kan dutse, na ce, "Baba, wancan fa?" Bai ko ajiye zaren ba ya ce, "Zalɓe ne, ɗana. In ka ga ya tsaya haka bai motsi, to akwai kifi a ƙarƙashinsa." Na rubuta da lokaci da kwanan wata, har da ƙarnin da iska ke kawowa. A watan Agusta dutsen nan da lambun duk suna ƙarƙashin jan ruwa. Wanda bai koma ba, ina zai san haka?

Daga nan sai aron ido. Jerin littattafan da za a ba ka galibi na marubutan Ingila da Amurka ne, masu lokutan shekara huɗu da ƙanƙara da itatuwan da ba mu da su. Karanta su wajibi ne, don a nan za ka ga yadda ake gina labari. Kuskuren shi ne ka dawo kana auna Kaduna da mudunsu. Mu muna da bazara mai zafi da hadarin da ke haɗuwa ya watse, da damina, da marka lokacin da rana ke kwana biyu ba a gan ta ba, da kaka, da hunturu mai fasa leɓe. Muna da gawo, wanda ke kaɗe ganyensa da damina sa'ad da kowa ke kore, ya yi lif da rani, shi ya sa manomi ke barin sa a tsakiyar gona: ba ya tare wa gero rana, kuma ƙasar gindinsa ta fi albarka. Malamin da ke Turai bai taɓa tsayawa a inuwar gawo ba. Abin da kai kaɗai za ka kawo ajin ke nan, don Allah kada ka bar shi a gida.

Game da sunaye, mutane kan faɗa ɗayan rami biyu. Wani ya share sunan Hausa gaba ɗaya don yana ganin ba za a gane ba, wani kuma ya dogara da manhajar waya da ke ɗaukar hoton ganye ta faɗi suna, ko da kuskure ne. Ka bar ɗorawa a ɗorawarta, kaɗanya a kaɗanyarta, sannan ka nemo sunan kimiyya ka tabbatar ta hanya biyu. Tun 1916 wani Bature masanin tsirrai mai suna Dalziel ya tattara sunayen tsirrai na Hausa tare da na kimiyya, kuma har gobe aikin yana da amfani. Amma ka haɗa da tambayar mai maganin gargajiya ko makiyayi, domin suna kan sauya daga Zariya zuwa Sakkwato. Bincike irin wannan kan tono labari: dogon yaro da ya cika titunanmu baƙo ne, daga yankin Indiya aka kawo shi.

Wasu kuma suna ganin tafiya ba ta cika tafiya ba sai an hau jirgin sama. Gaskiya ne Abubakar Imam ya je Ingila a 1943 ya dawo ya rubuta Tafiya Mabuɗin Ilmi, amma abin koyi a wurinsa shi ne ya duba ƙasar Turawa da idon Bahaushe, ya ba mutanensa labari da harshensu. Barth kuwa, matafiyin nan Bajamushe da ya shigo Kano a 1851, shi ne baƙon, mu ne abin kallo. Ka karanta irinsu kana sane da inda kowa ya tsaya. Jiharmu kaɗai ta ishi kundi: dutsen Kufena a Zariya, tsaunukan Kagoro, ruwan Matsirga kusa da Kafanchan, ƙauyen Nok da duniya ta san shi saboda mutum-mutumin yumɓu, ko jirgin ƙasan da ke tashi daga Rigasa.

Sai dai a nan dole in ja kunne. Gandun dajin Kamuku a Birnin Gwari wuri ne da duk mai son daji zai so ya gani, amma kowa ya san abin da yankin ya sha a hannun 'yan bindiga, kuma ba mu manta da harin jirgin ƙasa na 28 ga Maris 2022 ba. Malaminka ba zai iya auna hanya daga nesa ba. Direbobin tashar Kawo da mutanen garin da za ka je su ne za su gaya maka gaskiyar yau. In sun ce a dakata, ka dakata, ka canza batu.

In ka isa ƙauye, fara da gaishe da mai unguwa, ka faɗi abin da ya kawo ka. Kada ka ɗauki hoton mutum ko ka sa sunansa ba da yardarsa ba. Kuma kada ka ƙirƙiri maganar da ba a faɗa ba don sakin layi ya yi daɗi. Wannan fanni na gaskiya ne, amana ce tsakaninka da mai karatu.

Akwai taskar da ɗaliban nesa ke wucewa saboda ba ta intanet: Gidan Arewa, tsohon gidan Sardauna, da Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa da ke nan Kaduna, inda rahotannin jami'an mulkin mallaka kan gundumomi suke ajiye. Wuni ɗaya a can kan nuna maka yadda wuri yake kafin a haifi kakanka.

Sauran kurakuran na tsari ne, amma suna kayar da mutane. Karatu daga nesa ba baƙonmu ba ne, ga Cibiyar Malamai ta Ƙasa tun 1976, ga buɗaɗɗiyar jami'a ta ƙasa, wato NOUN, ga cibiyar karatu daga nesa ta ABU. Sai dai wannan fanni an fi samun sa a waje, kamar Jami'ar Bath Spa a Ingila. Kafin ka biya ko sisi, tambayi ko akwai haɗuwar ido da ido da za ta buƙaci biza, ka lissafa kuɗin da fam kana tuna yadda naira ke hawa da sauka, ka kuma nemi bayanin tantance takardun waje a Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya. Digiri na biyu a tsarin Ingila ana ƙiyasta shi da awa 1,800 na aiki. In ka raba a shekara biyu, kusan awa 17 ne duk mako, a kan aikin ofis da hidimar iyali. Agogo ma yana yaudara: daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba lokacinmu ɗaya da Landan, sauran watanni muna gabansu da awa guda. Jinga kuwa a tura ta saura kwana biyu, don wuta da data ba su san ranar rufewa ba.

A zaman gyaran rubutu, inda ɗalibai ke duba aikin juna, kunya kan sa namu su yi gum, ko su ji zafin gyara. Ka yi magana. In an ce ba a gane marka ba, ƙara bayani za ka yi, ba goge kalmar ba.

Kundin ƙarshe kuma kada ka jira zangon ƙarshe, domin halittu ba sa bin jadawalin jami'a. Ɗorawa da rani take fitar da jajayen furanninta masu lilo. Shamuwa tana isowa gab da faɗuwar ruwa, ta yi sheƙa a itatuwan cikin gari, kaka na yi ta kama hanyar kudancin Afirka. In ita ce batunka kuma ka makara, sai baɗi. Ni na rasa ta a shekarar farko. A ta biyu tun watan Maris na shiga yi wa wani abokina da ke ƙauye wajen Giwa waya duk mako, ina tambayarsa ko ta sauka a kan tsamiyar ƙofar gidansu.