Kurakuran da ke cinye kuɗin mai sayen baka da kibiya a Kumasi

Samarinmu na Aboabo da Asawase da suka fara sha'awar harbin baka na gargajiya, ba tsadar kaya ce ke ƙarar da sidinsu ba. Sayen abu ɗaya sau biyu ne.

Yawanci daga bakan ado ake farawa. Waɗanda ake ratayewa a shagunan sassaƙa don 'yan yawon buɗe ido, a nan Kumasi ko a Accra, na jikin bango ne, ba na harbi ba. Kafin ka biya, ka sa mai kaya ya ɗaura tsirkiya ya ja a hankali, kai kuma ka tsaya gefe ka duba: sama da ƙasa suna lanƙwasa daidai? In ka ji ƙas-ƙas, ko ka ga ƙulli a inda itacen ke lanƙwasa, ka bar masa abinsa. Gara ka yi cigiya wajen mutanen arewa, kamar na Sandema, inda 'yan ƙabilar Builsa ke fitowa da baka da kwari a bikin Feok duk Disamba.

Sai son baka mai ƙarfi. Saurayi ya ɗauki na fam 50 (awon nauyin jan baka ke nan, ba kuɗi ba) don kada a ce ya gaza, kafaɗa ta ɗauki ciwo, hannu ya koyi rawa, baka ya koma ƙarƙashin gado. Mai koyo fam 20 zuwa 25 ya ishe shi. In ba za ka iya ja har bakin leɓenka ka riƙe na daƙiƙa 10 ba tare da karkarwa ba, ya fi ƙarfinka.

Inda na fi jin takaici shi ne wajen kibiya, domin nan ne ake tsuke hannu alhali nan ya kamata a sake shi. Araha ba ta ado. Gajeriyar kibiya takan zame daga jikin baka in an ja, ta shige bayan hannu, kuɗin asibiti ya ninka abin da aka rage. Ka auna iyakar janka, ka ƙara inci 1 ko 2. Kibiyoyi 6 masu tsawo ɗaya da nauyi ɗaya sun fi tarkace 20, don da tarkace ba za ka taɓa gane ko kai ka yi kuskure ko kibiyar ba. Duk wadda ta bugi dutse ko bango, ka ɗan tanƙwara ta kusa da kunnenka. In ta yi ƙara, ka karya ta da kanka kada wani ya ɗauka. Kibiyar kyauro irin ta maharbanmu ba ta da gashi, bakinta kuma mai kunne ne, an ƙera shi don ya maƙale a jikin nama. A wajen koyo sai dai ta yayyaga abin bara, wato abin da ake saitawa a harba. Kai wa maƙeri ƙusoshi ya yi maka baki marar kunne. In za ka sa gashin zabo ko na talotalo, su kasance duk na fiffike ɗaya.

Igiyar shanya ba tsirkiya ba ce, saki take yi. Bakan itace tsirkiyar zaren Dacron B50 yake so, wanda ke ɗan miƙewa. Zarurruka irin su Fast Flight ba sa miƙewa, suna iya tsaga kan bakan. Ka riƙa goga mata kakin zuma.

Kwari, da fatar kare damtse da ta yatsu, babu dalilin yin odarsu daga Amurka ko Sin a biya kuɗin jirgi da na kwastan. Badukun Zongo zai ɗinka su da guntayen fata in ka nuna masa hoto. Abin bara kuwa, buhun shinkafa ne a danƙare shi da tsofaffin ledoji da tsummoki.

Ajiya ma tana kashe baka. Ka kwance tsirkiya da zarar ka gama, ka kwantar da shi a kan ƙusoshi biyu, nesa da zafin kwano da damshin bango, musamman da damina. Kuma ka faɗa wa duk baƙon da ya ɗauka tun kafin ya ja: ba a sakin tsirkiya babu kibiya, sau ɗaya ya isa ya tsaga bakan.