Kurakuran da Ake Yi da Tsofaffin Kayan Shayi na Fiyuta, da Gyaransu

Duk mai leƙa 'yan gwanjon kayan kicin, ko shafukan sayar da tsofaffin kaya irin su eBay, ba zai rasa cin karo da su ba: ɗan mazubin sukari mai hannu biyu, 'yar butar madara, wani lokaci har da butar shayi da tire, duk launinsu toka-toka, ba ƙyalli can sosai. Yawancinsu ƙirar Ingila ne, ƙarfen kuma sunansa fiyuta. Kuza ce ta fi yawa a ciki, daga kashi 85 zuwa 99 cikin ɗari, sai a surka jan ƙarfe da wani ƙarfe mai suna antimoni kaɗan don ta yi ƙwari. Kuzar nan dai irin wadda Turawa suka riƙa haƙa a Jos suna lodawa zuwa Ingila tun farkon ƙarni na 20 ce. Fiyuta ƙarfe ne mai laushi, mai saurin narkewa, kuma kusan duk ɓarnar da ake yi masa daga rashin sanin haka take tasowa.

Kuskuren farko tun wurin ciniki ake yinsa: a ɗauki fiyuta a matsayin azurfa. Ba laifin mai saye ba ne kaɗai, domin maƙeran fiyuta na da can sukan buga 'yan ƙananan tambura huɗu a jere, masu kama da na azurfa. A juya gindin kayan a karanta. Azurfar Ingila ta gaske tana ɗauke da hoton zaki yana tafiya, tare da tambarin garin da aka tantance ta da harafin shekara. In an ga EPNS, wani haɗin ƙarfe ne mai nikel aka yi wa rufin azurfa da lantarki, dabarar da kamfanin Elkington na Birmingham ya yi wa rajista a 1840. In EPBM ne, rufin azurfa ne a kan ƙarfen Britannia, wato fiyuta marar dalma da aka fara yi a Sheffield wajen 1770. Akwai kuma kayan Wilton Armetale na Amurka, masu kama da fiyuta sak, alhali haɗin alminiyam ne. Kowanne da irin kulawar da yake so, don haka kafin a taɓa shi da sabulu ma a san mene ne a hannu.

Haka nan ganin an rubuta London a gindi ba ya tabbatar da cewa can aka ƙera. Sunan ƙungiyar maƙeran fiyuta ta Landan ya yi tambari tun ƙarni na 15, shi ya sa maƙeran wasu garuruwa, har da na wajen Ingila, suka riƙa aron sunan birnin don kayansu su shiga. Kuma ba kowane tsoho ne mai tsada ba. Saitin nan masu jiki kamar an bubbuga da guduma, na shekarun 1920 da 1930, an yi su da yawan gaske, suna nan birjik. Wanda ke da kuɗi shi ne irin Tudric, da shagon Liberty na Landan ya fitar a farkon ƙarni na 20, musamman zanen Archibald Knox. Shi ma a duba lambar zanen da ke gindin mazubin sukari da ta butar madara, in sun saɓa, haɗe-haɗe aka yi. Amma rashin murfi a mazubin sukari ba aibi ba ne kullum. Da yawa a buɗe aka ƙera su, don sukarin zamanin dunƙule ne da ake ɗauka da ɗan awartaki.

Sai babban kuskure, wanda ya fi kowanne cin kaya: wanki. Mun saba tukunya ba ta fita sai ta sha soson waya da toka, har ta riƙa ɗaukar ido. Hannun da ya saba da haka, in ya ga mazubin sukari ya yi duhu, abin da zai fara zuwa masa shi ne datti ne. Ba datti ba ne. Wannan launin shekaru ne suka gina shi a hankali, yana kare ƙarfen da ke ƙasa, kuma masu tara irin waɗannan kaya shi suke biya. Minti kaɗan na dirza ya isa ya kankare shi, ya bar zane-zane a jiki, ya shafe tambarin maƙerin da ake gane shekarun kayan da shi. In kuwa mai rufin azurfa ne, rufin siriri ne ƙwarai. Ana dirzawa zai tafi, a bar ku da kaya dabbare-dabbare. Toka da kanwa suna cin kuza, haka ma sabulun injin wanke-wanke, ga zafin injin a kai. Man goge tagulla ya yi mata kaushi. Dabarar nan ta jiƙa kaya a ruwan zafi da garin baking soda da takardar foyil, wadda ta cika intanet, don baƙin da azurfa ke yi aka tsara ta, ba ta da wani amfani a nan.

Gyaran bai da wuya, sai dai ya yi wa mai son ƙyalli kaɗan. Ruwa mai ɗumi, sabulun wanke-wanke mai laushi, ƙyallen auduga, sai a ɗauraye a tsane nan take, kada a kife ya bushe da kansa, ruwa na barin tabo. Lunguna kuma tsohon buroshin haƙori mai laushi ya wadatar. Lokacin hunturu a fara zuba ruwa kafin a goge, don ƙurar da ta kwanta tana da yashi, goge ta a bushe daidai yake da dirzawa. Idan hannun butar na katako ne ko an naɗe shi da kaba, kada a tsoma shi a ruwa. Wanda ya riga ya kankare nasa, haƙuri ne maganin: ya daina, ya bar iska ta yi aikinta, launin zai dawo sannu a hankali, ko da yake zanen soson ba zai ɓace ba.

Maganar dalma ba ta wasa ba ce, kuma ba sai an yi wa mutanenmu dogon bayani ba bayan abin da ya faru a Zamfara a 2010, inda gubarta ta kashe yara sama da 400. Tsohuwar fiyuta, musamman mai araha, ana surka mata dalma, kuma sai a 1974 aka kafa ma'aunin Birtaniya da ya taƙaita ta sosai. Mai dalma takan fi nauyi, ta fi duhu da ɗan shuɗi-shuɗi, kuma in an goga ta a farar takarda takan bar layi kamar fensir. Waɗannan alamu ne kawai, ba hujja ba. Ana sayar da 'yan tsinken gwaji masu canza launi, su ma sukan yi kuskure. A ganina, duk wanda ba a tabbatar da asalinsa ba ya zauna a shogilas a matsayin ado, kada a zuba wa yara ko mai ciki komai a ciki. Wanda ya nace sai ya kai teburi, ya sa ɗan kofin gilashi a cikin mazubin.

Ko marar dalma ce, tsami abokin gabarta ne. Lemun tsami, zoɓo, tsamiya, ruwan kal, duk suna huda jikinta su bar ƙananan ramuka. Madara kanta in ta kwana ta yi tsami haka take yi, shi ya sa cikin tsofaffin butocin madara ya fi wajensu lalacewa. A zuba lokacin shan shayi, a juye a wanke da an tashi. Sukari da gishiri ma kada su daɗe a ciki lokacin damina, suna jan laima.

Wuta kuwa ko kusa. Kuza zalla tana narkewa a digiri 232 na ma'aunin Celsius, fiyuta ma kusa da haka, harshen gas ko garwashi kuwa ya ninka wannan. Butar shayin ta zuba ruwan da aka riga aka tafasa ce. Aka ɗora ta a murhu, gindinta zai zube kafin a ankara. Ba a yanka komai a kan tiren, wuƙa na shiga.

Wannan laushin ne kuma ke sa ta lotsawa, daga nan sai a nufi wurin mai walda. Wutarsa za ta huda ta tun kafin ya fara aiki, dalmar liƙi ta masu gyaran rediyo kuma yawanci gubar da ake gudu ce a cikinta. Ƙaramar lotsawa a bar ta, ba ta rage wa tsohon kaya daraja kamar yadda mummunan gyara ke yi. In hannu ne ya cire, a nemi maƙerin azurfa mai haƙuri, a gaya masa tun farko cewa kuza ce, ya yi aiki da liƙi marar dalma da wuta kaɗan. Wurin ajiya kuma a guji naɗewa da jarida ko jibga wani kan wani, a raba su da ƙyallen auduga a wuri busasshe. Kabad ɗin katakon oak, irin wanda ake shigowa da shi tare da kayan gwanjo, yana fitar da tururi mai tsami da ke cin fiyuta mai dalma, gara na gilashi.