Yadda mai sana'ar kansa zai gane abin da ya rage masa bayan haraji a Kamaru

Kuɗin da ke shiga aljihun tebur a shago ciniki ne, riba kuwa sai an yi lissafi. A Kamaru harajin ƙananan 'yan kasuwa a kan cinikin ake ɗora shi. Dokar da aka sa wa hannu a watan Disamba na 2024 ta kawo haraji na dunƙule, wanda ma'aikatan haraji ke kira IGS, ga mai cinikin da bai kai sefa miliyan 50 a shekara ba. Mataki goma ne, na ƙasa sefa 20,000 a shekara, na sama miliyan 2.

Fara da haɗa cinikin wata goma sha biyu daga littafinka. Kada ka ɗauki wata ɗaya ka ninka. Tela a Garwa da ya auna shekara da watan azumi zai ɗauka ya yi arziki, wanda kuma ya auna da tsakiyar damina zai so rufe shago.

A ce cinikin telan ya kama miliyan 3, wato 250,000 a wata. Zare, shafi da maɓallai 40,000, hayar shago 20,000, wuta da man janareta 10,000, yaran shago 50,000, gyaran keke 5,000. An cire 125,000, saura 125,000. Cinikin da ya kai miliyan 2 da rabi amma bai kai 5 ba harajinsa 150,000 ne. Raba shi gida goma sha biyu, 12,500 ke nan duk wata, ka ware shi tun kafin cefane ya taɓa shi. Saura 112,500.

A nan ne mai saye da sayarwa ya kamata ya natsu. Mai shinkafa a kasuwar Marwa da ya yi cinikin miliyan 3 ɗin nan, in ribarsa kashi 10 ce cikin 100, abin da ya samu a shekara 300,000 ne, haraji kuma 150,000 ɗin dai, rabin ribar cif. Tsallen da ke tsakanin matakan ma ba ƙarami ba ne: wanda cinikinsa ke tsakanin miliyan 2 da miliyan 2 da rabi 60,000 zai biya. Saboda haka littafin ciniki ya fi rantsuwa amfani ranar da ma'aikaci ya zo ya kalli buhunan da ke jibge ya yanka maka mataki da ido. Ba littafi, ba bakin gardama.

Masu sayo kaya daga Mubi ko Maiduguri su rubuta kuɗin saye da sefa, bisa canjin ranar da aka biya, tare da kuɗin mota, na kwastan da na 'yan dako. Naira tana hawa tana sauka, in aka bar lissafi da ita riba ta kan fito a takarda ta ɓace a hannu.

Sai fansho. Tun 2014 hukumar fansho ta ƙasa, CNPS, ke karɓar masu sana'ar kansu da suka yi rajista don raɗin kansu, ana biyan kashi 8.4 cikin 100 na kuɗin shigar da mutum ya bayyana. Telanmu in ya bayyana 60,000, zai ba da 5,040 a wata, ya tashi da 107,460. Daga ciki ne gida zai ci, kuma har yanzu ba a cire tikitin kasuwa na ƙaramar hukuma da kuɗin cirewa a asusun waya na Orange Money ko MTN MoMo ba. Ƙanana ne, amma kusan kullum ake biyansu.

Ka tabbatar kana da lambar mai biyan haraji, NIU, kuma sunanka ne a kan kowane rasit. Kuɗin da aka miƙa wa wani a bakin shago ba takarda, a wurin hukuma ba a biya shi ba, za a sake nemanka har da tara.